Wannan "-ing" ɗin da ke jawo mana jan biro

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu nan Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Lokacin furojet ya kama. 'Yan ajin ƙarshe suna ta jigilar babi na ɗaya zuwa na uku wurin sufabaiza, mu 'yan mastas kuma muna fama da samina. A irin wannan lokaci ne ake dawo wa mutum da takardunsa sun sha jan biro kamar an yanka kaza a kai. Idan ka zauna ka duba wuraren da aka zagaye, za ka tarar da yawa daga ciki suna kan kalmomin da suka ƙare da "-ing". Abin da malaman Turanci ke kira "gerund" ke nan, mu kuma a nahawun Hausa muna da sunansa tun tuni: sunan aiki, wasu su ce suna ɗan aikatau.

Ra'ayina a kan wannan abu guda biyu ne. Na farko, yadda aka koya mana shi tun daga sakandare bai isa ya rubuta wa mutum tesis ba. Na biyu, Bahaushe ya fi kusan kowa sauƙin gane shi, da a ce ana yarda a fara masa bayanin daga Hausarsa. Bari in kawo hujjojina, wanda bai yarda ba ga wurin kwament nan.

Me aka koya mana? An ce aikatau ne da aka liƙa wa "-ing" yana aikin suna. "Swimming is good." Shi ke nan, muka haddace, muka ci WAEC, muka tsallake JAMB, muka zo aji ɗaya aka maimaita mana a kwas ɗin Turanci na dole, muka sake haddacewa. Ba ƙarya aka faɗa mana ba. Matsalar ita ce ma'anar ta tsaya a kan siffar kalmar, ba ta taɓa tambayoyi biyun da sufabaiza yake yi a ransa idan yana karanta aikinka ba: wannan kalmar me take nuni gare shi, kuma wa ya yi aikin da ke cikinta? Duk jan biron nan a kan tambayoyin nan biyu yake.

Su kansu masu harshen ba su daidaita a kan sunan ba. Daga nahawun Latin aka aro kalmar "gerund", aka ɗora wa Turanci. A tsohon Turanci wutsiyoyi biyu ne daban: "-ung" ko "-ing" mai ƙera suna daga aikatau, da kuma "-ende" mai nuna aikin da ake cikin yi. Daga baya suka haɗe suka koma "-ing" guda ɗaya, shi ya sa yau wutsiya ɗaya take ɗauke da kayan mutum biyu. Babban littafin nahawun Turanci da Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka fitar a Kambirij a 2002 ma cewa ya yi babu dalilin raba siffar gida biyu, ya haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya. To idan manyan masana sun ce lakabin bai da wani nauyi sosai, me ya sa mu har yanzu jarrabawarmu ba ta wuce "ja layi a ƙarƙashin gerund" ba? Lakabi ba shi ke ba da maki a difens ba. Ma'ana ce ke bayarwa.

Yanzu mu dawo gida. Bahaushe ba ya iya yin minti biyu yana magana bai yi amfani da sunan aiki ba. "Ina zuwa." "Tana karatu." "Muna jira." Ko aikin da ake cikin yi ma da sunan aiki muke faɗinsa. Kuma muna da shi iri biyu, ko ba mu taɓa lura ba. Dubi waɗannan:

Karanta littafin ya ɗauke ni kwana uku.
Karatun littafin ya ɗauke ni kwana uku.

A ta farko "karanta" tana nan da halinta na aikatau, ta ɗauki karɓau kai tsaye, babu komai a tsakani. A ta biyu "karatu" ta zama suna sosai, sai da aka sa mata "-n" ta mallaka kafin ta haɗu da littafi, kamar yadda za ka ce "rigar Audu" ko "gidan Bala". Paul Newman ya yi dogon bayani a kan wannan a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, inda ya raba sunayen aiki zuwa masu ɗaukar "-wa" kamar "karantawa" da "dafawa", da waɗanda ba sa ɗauka kamar "karatu" da "saye" da "sha".

To wallahi Turanci ma haka yake, ƙafa da ƙafa. "Reading the book" ita ce "karanta littafin". "The reading of the book" ita ce "karatun littafin". Wannan "of" ɗin ita ce "-n" ɗinmu. Da zarar ka gane haka, dokokin da ake sa mu haddacewa sai su zama abin da kunne ke ji da kansa. Mai halin aikatau tana tafiya da bayanau: "carefully counting the votes". Mai halin suna tana tafiya da "the" da sifa da "of": "the careful counting of the votes". Abin da ba a yi a Turancin yau shi ne a gauraya su, a ce "the counting the votes". Shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce marubutan Ingila suna rubuta irin wannan, amma yanzu ta mutu. A Hausa ma ai ba ka cewa "karatu littafin", kunnenka ba zai bari ba.

Wanda ya yi nahawun Larabci ya ma fi kowa riba, domin masdari ne wannan. Abokan karatunmu Yarabawa su ma suna da nasu, daga "jẹ" su ce "jíjẹ", daga "lọ" su ce "lílọ". Kowa ya zo jami'a da kayan aikinsa a ka, sai aka ce ya ajiye su a bakin ƙofa.

Sai tambaya ta farko: me kalmar take nuni gare shi? Akwai aƙalla abu huɗu da "-ing" ke iya nufi.

Na ɗaya, abu ne da za ka iya taɓawa ko ƙirgawa. "Building", "meeting", "painting", "findings". Waɗannan sun bar aikatau sun zama sunaye zalla, suna ɗaukar jam'i. Hausa ma haka: "gini" aiki ne a cikin "gini sai da kuɗi", amma abu ne a cikin "ginin ya rushe". Haka "ɗinki", haka "rubutu", haka "shuka". Shi ya sa a babi na huɗu "findings" ake rubutawa da "s" idan sakamakon ya fi ɗaya.

Na biyu, aikin ne a dunƙule, ba na wani mutum ko wata rana ba. "Cheating is an offence." Satar amsa laifi ne, ko wa ya yi, ko yaushe.

Na uku da na huɗu su ne masu daɗin, kuma su ne ba a taɓa koya mana ba. Wani masanin falsafa, Zeno Vendler, a littafinsa na 1967, ya nuna cewa iri biyun nan da na kawo a sama ba abu ɗaya suke nuni gare shi ba. Mai halin suna tana nuni ga aukuwar abin, wato abin da ya faru a cikin lokaci, wanda za a iya cewa ya daɗe ko ya yi sauri ko an fara shi ƙarfe kaza. Mai halin aikatau kuma ta fi nuni ga kasancewar abin ya faru, wato labarin cewa an yi. Ga misali daga zaɓen ƙungiyar ɗalibai:

"Their counting of the votes took six hours."
"Their counting the votes twice annoyed everybody."

A ta farko ƙirgar ce kanta ta ci awa shida. A ta biyu abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne cewa sun ƙirga sau biyu. Idan ka ce "their counting the votes took six hours", Bature zai ji wani abu ya ɗan karkace, domin labari ba ya cin awa shida, aiki ne ke ci. Gwada da Hausa: "Zuwan Audu ya ba ni mamaki." Me ya ba ka mamaki? Cewa ya zo. "Zuwan Audu ya ɗauki kwana biyu saboda lalacewar hanya." Nan kuma tafiyar ce kanta. Mun san bambancin, suna ne kawai ba mu ba shi ba.

Wani zai ce wannan ai falsafa ce, ina ruwan mai karanta aikin gona ko akanta da ita? Da ruwansa. Idan ka rubuta cewa "the farmers' adopting the new seed" ya ƙara amfanin gona, kana cewa kasancewar sun karɓi irin ne ya jawo ƙarin. Idan kuma abin da ka auna shi ne saurin karɓar ko yadda aka bi aka karɓa, to maganar aukuwa kake yi, sai ka nemi "the adoption of the new seed" ko makamancinta. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya zauna a difens ɗinka, irin wannan wurin yake tsayawa ya tambaye ka: me ka auna takamaimai? Idan jimlarka ba ta sani ba, kai ma za a ɗauka ba ka sani ba.

Akwai kuma maganar lokaci. Wasu aikatau suna canza ma'ana gaba ɗaya gwargwadon abin da ya biyo bayansu, "-ing" ko "to". "I remember submitting the form", na tuna na miƙa, an riga an yi. "Remember to submit the form", kar ka manta ka miƙa, ba a yi ba tukuna. "He stopped reading", ya daina karatu. "He stopped to read", ya tsaya domin ya yi karatu. Kun ga ai ɗaya kishiyar ɗaya ce. "She went on talking", ta ci gaba da surutun da take yi. "She went on to talk about funding", ta gama wancan ta shiga wani. "I regret telling him", na yi da-na-sanin faɗa masa. Ita kuwa "we regret to inform you", duk wanda ya taɓa neman tallafin karatu ya san ta, Allah ya raba mu da ganinta a imel.

Ana yawan cewa "-ing" na kallon abin da ya riga ya tabbata, "to" kuma na kallon abin da ke gaba. Ma'aunin yana taimakawa a kan "remember" da "forget" da "regret", amma kar a riƙe shi kamar doka. "I am considering applying", "I suggest waiting", "avoid copying", duk ba a yi su ba tukuna, kuma "-ing" suke ɗauka. Waɗannan sai dai a san su ɗaya bayan ɗaya: "avoid", "enjoy", "suggest", "consider", "deny", "finish", "mind", "risk". Ba su da yawan da za su gagari wanda ya haddace sunayen 'yan wasan Arsenal har da na benci.

Sai tarkon da ya fi kama mu a wasiƙa. Duk ƙaramar kalma irin su "in", "on", "of", "for", "after", "without", waɗanda masu Larabci za su kira haruffan jarra, idan aikatau zai biyo bayanta to da "-ing" zai zo, domin suna take nema. Wannan kowa ya sani. Inda ake faɗawa rami shi ne "to", saboda "to" iri biyu ce. Akwai ta "I want to go", akwai kuma wadda take daidai da "zuwa ga" ko "da". Ta biyun ce ke cikin "look forward to", "with a view to", "committed to", "object to", "in addition to", "be used to". Shi ya sa "I look forward to hearing from you" ce daidai, "I look forward to hear from you" kuma kuskure. Gwajin mai sauƙi ne: cire aikatau ɗin ka sa suna. Idan "I look forward to the holiday" ta zauna, to gurbin na suna ne, sai "-ing". "I want to the holiday" ba ta zauna ba, to wannan ɗaya "to" ɗin ce. Ka yi tunanin wasiƙar neman gurbin digiri na uku da ka kwana uku kana gyarawa, layinta na ƙarshe ya zo da wannan tuntuɓen. Haka "with a view to improve" take zaune daram a cikin manufar bincike ta ɗalibai da yawa, a shafin da kowane mai jarrabawa yake fara buɗewa.

Yanzu tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi muhimmanci: wa ya yi aikin? Sunan aiki yana da wata ɗabi'a, yana iya zuwa ba tare da mai aikin ba. Mai karatu ne zai nemo shi, kuma akwai inda yake nema. "I enjoy teaching", ni ne mai koyarwar. "I recommend reading this paper", kai ne za ka karanta. "Thank you for coming", kai ka zo. "I apologise for coming late", ni na makara. "The car needs washing", motar ba ita za ta yi wankin ba, ita za a wanke. Siffa ɗaya, amma mai aikin yana canzawa gwargwadon aikatau ɗin da ke gaba. "I don't mind paying" da "I don't mind you paying" kalma ɗaya ce tsakaninsu, amma a gaban mai shayi ita ce ke nuna aljihun da zai yi kuka.

Inda wannan ya fi cin mu shi ne babi na uku, wurin bayanin yadda aka gudanar da bincike. An hana mu cewa "I", an ce ba a yin haka a rubutun ilimi, sai muka koma ɓoye kanmu. Daga nan sai ka ga jimla kamar haka: "After administering the questionnaire, the respondents were thanked." Dokar Turanci ita ce, idan jimla ta fara da irin wannan gaɓa, mai karatu zai ɗauki aikau na babbar jimlar a matsayin mai aikin. Ke nan ka ce waɗanda aka yi wa tambayoyin su ne suka raba takardun. Ko kuma: "On arriving at the village, the district head received us." Wa ya iso? A yadda aka rubuta, hakimin ne ya iso garinsa. Amma faɗe ta da Hausa ka ji: "Da isarmu ƙauyen, sai hakimi ya tarbe mu." Ka ga "-mu" ɗin nan? Hausa ba ta bari ka gudu ba, ta liƙa mai aikin a jikin kalmar. Da ɗalibi zai fara faɗin jimlar da Hausa a ransa, da ya ji abin da ya ɓace, ya rubuta "when we arrived at the village". Harshen da ake cewa shi ke ɓata mana Turanci, a nan shi ne zai cece mu.

Wani lokaci kuma harshen damo jimlar take yi. "Visiting lecturers can be expensive." Malaman da ake gayyatowa daga wata jami'a ne ke da tsada, ko kuwa kai wa malamai ziyara ne ke cin kuɗi? Duka biyun suna ciki. Cire "can" ka gani: "is expensive" ziyarar ce, "are expensive" malaman ne. A Hausa muna da irin wannan, kuma tamu ta fi zafi. "Kisan 'yan bindiga ya tayar da hankalin gari." Su suka kashe, ko su aka kashe? Masu nahawun Larabci sun daɗe da sanin wannan, suna cewa masdari ana jingina shi ga mai aikin, ana kuma jingina shi ga wanda aka yi wa. Turanci yakan warware da "of" ga wanda aka yi wa, "by" ga wanda ya yi. 'Yan aikin jarida da 'yan shari'a, wannan naku ne, domin kalma ɗaya a kanun labari tana iya mayar da wanda aka zalunta ya koma azzalumi.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce cin jarrabawa. Tunda sunan aiki yana iya haɗiye mai aikin, ya zama abokin duk wanda ba ya son a ce shi ya yi. Ku riƙa karanta sanarwar da ake liƙawa a allo da wannan idon, a kowace makaranta kuke. "The withholding of results is regretted." Wa ya riƙe sakamakon? Wa ke nadamar? Babu kowa a cikin jimlar. "There was a mishandling of the scripts." Takardun sun lalata kansu ke nan? Mu ma muna da namu salon, "an samu jinkiri", "an yi kuskure", amma da Hausa kowa yana jin an kauce. Da Turanci kuwa sai mu ji kamar wata babbar magana aka yi, mu yi shiru. Shugabannin ƙungiyoyinmu da ke zama da hukuma a madadinmu, idan ba su iya tambayar "by whom?" ba, to za su fito daga taro da takarda mai kyau wadda ba ta ɗaure kowa ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, ai Turanci ba harshenmu ba ne, in dai an gane shi ke nan. A hira na yarda. Babu wanda ya isa ya raina ka don ka ce "I am looking forward to see you" a bakin hostal, kuma mai dariyar ma sau da yawa nasa kuskuren ya fi naka. Turancin Najeriya yana da nasa hali, masana suna nazarinsa, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wasu kalmominmu a 2020. Amma misalan da na kawo ai ba na ado ba ne. A cikinsu ba a gane ba ɗin ne, ko kuma an gane abin da ba ka nufa ba. Kuma tesis ba ta da bakin da za ta ce "a'a, ba haka nake nufi ba". Tana kan kanta a laburare shekara da shekaru da sunanka a jiki.

Na biyu, ai akwai Grammarly da ChatGPT. Akwai su, kuma za su kama maka "look forward to hear" nan take. Abin da ba za su iya ba shi ne sanin wa ya raba takardun tambayoyi a ƙauyen da ka je, ko kuma aukuwa ka auna ko kasancewa. Za su zaɓar maka ma'ana ɗaya su goge ta ta yi sheƙi, kai kuma ka sa hannu. Ranar difens ba a shiga da waya.

Na uku, daga ɗaya ɓangaren, akwai masu tsanani da suke mayar da kowane abu laifi. Misali rigimar "I don't like him coming late" da "I don't like his coming late". H. W. Fowler, a littafinsa na 1926, ya yi wa ta farkon kaca-kaca, Otto Jespersen ɗan ƙasar Denmark ya mayar masa da martani da misalai daga manyan marubutan Ingila. Yau littattafan nahawu na zamani sun karɓi duka biyun, ta mallakar dai ta fi kama da rubutun hukuma. Shawarata, a tesis ka bi ta mallakar idan ta zauna, musamman in sufabaizanka tsohon hannu ne, ba a jayayya da mai riƙe da biro a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma kar ka bari wani ya sa ka ji kai jahili ne a kanta. Ka san wuraren da ma'ana ke karyewa, ka san wuraren da ra'ayi ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da muke yi. Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa daga cikinmu mun zo nan da wani nauyi a ƙirji, cewa 'yan Arewa ba su iya Turanci ba. Za ka ga yaro ya fi kowa gane kwas, amma a samina ba zai ɗaga hannu ba don kar harshe ya zame a yi dariya. 'Yan uwanmu mata abin ya ma fi yi musu nauyi. Ni kuwa abin da na lura da shi a ajinmu shi ne, kuskuren "-ing" bai san Arewa ko Kudu ba, kowa yana yi. Bambancin kawai wasu suna yi da ƙarfin gwiwa. Kuma dalilin ɗaya ne, an koya wa kowa Turanci kamar ba shi da wani harshe a ka. A nan Kudu ne ma, a Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a 1970, aka koyar da yara firamare shekara shida da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su koma baya a Turancin ba. Harshen uwa tsani ne, wanda ya jefar da shi sai ya yi ta tsalle.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Kafin ka kai wa sufabaiza babi, buɗe shi a kwamfuta ka nemo duk inda "ing" ta fito. A kowace ka yi tambaya biyu: me take nuni gare shi, abu ne ko aiki a dunƙule ko aukuwa ko kasancewa? Kuma wa ya yi aikin, mai karatu zai iya gano shi ba tare da ya kira ka a waya ba? Inda ka yi shakka, faɗi jimlar da Hausa a bayyane. Idan Hausar ta nemi "-na" ko "-mu" ko "-nsu", to Turancin ma yana bin ka bashin mai aiki. Duk "to" da ka gani kafin aikatau, yi mata gwajin suna. Awa ɗaya ko biyu zai ci maka a babi guda, ya rage maka sati biyu na jiran a sake dubawa.

Ƙungiyoyin ɗalibanmu na jihohi kuma, da ake tara kuɗi a yi walimar yaye ɗalibai da rigunan ajo, don Allah a ware yamma ɗaya a sati a lokacin furojet. A sami 'yan sashen Turanci da na harsuna, ga su nan muna da su, a zauna a aji ɗaya, kowa ya zo da shafi biyu na aikinsa. A yi bayanin da Hausa, ba kunya. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya da biyu su ma a jawo su, tun kafin abin ya zame musu jiki.

Wanda yake da wata jimla da aka zagaye masa da ja bai gane dalili ba, ya ajiye ta a kwament, ba sai ya faɗi sunan malami ko makaranta ba. Mu duba ta tare, wanda ya fi ni sani ya gyara mana duka. A tura wa 'yan ajin ƙarshe. Allah ya ba mu sa'ar difens, ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.